Umarnin da Bai Isa Ba: Sharhina Bayan Gwada Wasan Yaƙin Tarihi na Kan Tebur

Na kusa shekara ina kallon hotunan teburan nan a intanet kafin na yi ta maza na gwada. Fili kore shar da 'yan tuddai, ƙananan gidaje, hanya ta ratsa tsakiya, ga sojoji da tsawonsu bai wuce gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa ba, an jera su sahu-sahu, kowane da fentinsa har maɓallin riga. Ni mai son karatun tarihin yaƙe-yaƙe ne, musamman na zamanin Napoliyon, kuma ina ganin na fahimci yadda aka gwabza su. Yau wata uku ke nan da farawata. Na haɗa bataliya ɗaya da hannuna, na buga wasa huɗu, kuma abin da na ɗauka na sani game da shugabancin yaƙi ya sauya sosai.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan haka yake: mutum biyu ko fiye su shimfiɗa filin daga a kan tebur, kowa ya ɗauki rundunar wata ƙasa ta wani zamani na gaskiya, a riƙa auna tafiyar sojoji da tef ɗin awo, a riƙa jefa 'ya'yan ludo don sanin abin da harbi ko karo ya haifar. Babu kuɗi a ciki, ba a sa komai a ci. Littafin ƙa'idoji ne ke raba gardama. Asalinsa ma ba nishaɗi ba ne. A 1824 wani hafsan Purushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasa kan taswira, Kriegsspiel, aka karɓe shi don horar da hafsoshi. Sai a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga ƙa'idojinsa na farar hula, inda ake harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa mai sifirin. Daga nan abin ya yaɗu.

Abu biyu na saya. Na farko littafin ƙa'idoji mai suna Black Powder, wanda Rick Priestley da Jervis Johnson suka rubuta, kamfanin Warlord Games na Nottingham ya fitar a 2009, aka sake sabon bugu a 2018. Ya ƙunshi yaƙe-yaƙen tsakanin 1700 da 1900, galibi zamanin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Na biyu akwatin sojojin roba ne na Faransa masu tsawon milimita 28, ƙirar wani kamfani dabam.

A kan akwatin nan ne na fara cin karo da abin da ya ɓata mini rai. Hoton bayansa sojoji ne fes, riga shuɗiya, tuta na kaɗawa. Da na buɗe sai na tarar da firam-firam na roba ruwan toka, kai dabam, hannu dabam, jakar baya dabam. Babu gam, babu fenti, babu buroshi, kuma ba a faɗi haka da manyan baƙi inda sabon shiga zai gani ba. Takardar bayanin da ke ciki ba ta nuna wane hannu ne na wane jiki ba, sai da na ɓata soja biyu kafin na gane. Wuƙaƙen bakin bindiga kuwa sirara ne ƙwarai, uku sun karye tun wajen yanko su. Tsofaffin hannu sun saba da wannan, a wurinsu ba labari ba ne. Amma wanda ya sayi akwati da nufin ya buga wasa a daren ranar, to ya kwana da sanin cewa akwai aiki a gabansa.

Bataliya ɗaya a wannan tsari yawanci mutum 24 ce. Ta ci mini kusan mako uku, ina zama bayan an tashi daga aiki. Ɗamarar farar fata da ke gicciye a ƙirjinsu ita ta fi wahalar da ni, don farin fenti ba ya rufe shuɗi da shafa ɗaya. Sai dai ba zan ɓoye ba, a cikin wannan zama na fara son abin. Dole ta sa na nemi sanin me ya bambanta kamfanin gurnetawa, wato zaɓaɓɓun sojojin bataliya, da sauran, me ya sa wasu ke da jan tunku a hula wasu kore ko rawaya. Shekaru ina karanta sunayen rundunoni ban taɓa tambayar kaina yadda mutum ɗaya a cikinsu yake ba, me yake ɗauke da shi, nawa ne nauyinsa. Buroshi ne ya sa na tambaya.

Bataliya ɗaya ba ta yaƙi. Wani abokin aikina da ya daɗe a harkar shi ya ara mini sauran, ya kuma shirya tebur mai ƙafa shida a tsaye huɗu a kwance. Ya zaɓi mu kwaikwayi wani yanki na yaƙin Quatre Bras, mararrabar hanyoyi a ƙasar Beljiyam ta yau, inda Marshal Ney na Faransa ya kara da Wellington, kwamandan Birtaniya, ranar 16 ga Yuni 1815, kwana biyu kafin Waterloo. Ni ne Faransa. Aikina in ƙwace mararrabar kafin dakarun Birtaniya su taru.

Nan ne zuciyar wasan, kuma nan nake so in tsaya. A dara ko ces, idan ka ga inda za ka ajiye ɗa, hannunka kawai za ka miƙa. A wannan wasa ba haka ba ne. Kowane kwamandan birged yana da lambar ƙwarewa, galibi takwas. Sai ka furta umarninka da baki, a fili, abokin karawarka yana ji: bataliya kaza ta nufi gidan gonar can ta tsaya a bakin shinge. Sannan ka jefa 'ya'yan ludo biyu. Idan jimillar ta yi daidai da takwas ko ta gaza da ɗaya, sojojin su yi tafiya ɗaya. Ta gaza da biyu, tafiya biyu. Ta gaza da uku ko fiye, tafiya uku. Idan kuwa ta haura takwas, babu mai ɗaga ƙafa, kuma wannan kwamanda ya gama ba da umarni a zagayen. In ta ba da sha biyu, an samu mummunar fahimta ke nan, rundunar tana iya dosar inda ba ka taɓa nufa ba. Cikin hanyoyi 36 da 'ya'yan ludo biyu ke iya faɗuwa, 10 sun haura takwas. Wato sama da umarni ɗaya cikin huɗu zai maƙale a hanya.

Shirina mai kyau ne, har yanzu ina ganin haka. Dawakai su bi ta dama su tsorata sojojin ƙasa na Birtaniya, igwa ta matso, birged ɗin ƙasa ta biyo baya ta murƙushe su. Na ba mahaya umarni, ludo ya ba da huɗu, suka tashi da tafiya uku rigis. Doki a littafin inci 18 yake ci a tafiya ɗaya, sai ga su a hancin abokan gaba. Na juya kan birged ɗin ƙasa, wadda bataliyar da na yi wa fenti ke cikinta, ludo ya ba da goma. Ko motsi. Zagaye na gaba ya ba da tara. Suna tsaye a bayan tudu, ina kallonsu, hannuna bai fi taƙi ɗaya daga gare su ba, amma ba ni da ikon taɓa su.

Su kuwa sojojin Birtaniya masu jajayen riguna suka dunƙule suka yi murabba'i, kowace fuska wuƙaƙe a waje. Doki ba ya afka wa katangar ƙarfe irin wannan, kuma ƙa'idojin sun kiyaye hakan. Maganin murabba'i shi ne igwa da harbin sojan ƙasa, don mutane a cunkushe suke, harsashi ɗaya sai ya ratsa da yawa. Ni kuwa igwata da sojojina suna can baya. Mahayana suka sha wuta, suka rikice, suka ja da baya a raunane. Kafin birged ɗina ta iso, ƙarin dakarun Birtaniya sun cika mararrabar.

Na ce wa abokina, "Wannan ai ba adalci ba ne, shirina bai da aibu." Ya ce, "Malam, je ka sake karanta abin da ya samu d'Erlon a wannan ranar." Na san labarin, amma sai a daren na ji shi a jikina. Janar d'Erlon na Faransa yana da dakaru kimanin 20,000. Yana kan hanyar zuwa wurin Ney sai umarni ya zo daga ɓangaren Napoliyon cewa ya juya zuwa Ligny, inda ake fafatawa da Purushiyawa ƙarƙashin Blücher. Ya kusa isa, sai Ney ya aiko a fusace cewa ya dawo. Ya juyo. Rana ta faɗi bai yi wani yaƙin kirki a ko ɗaya daga filayen biyu ba. A da idan na karanta wannan sai in girgiza kai in ce sakaci ne. A littafi, da taswira da kibiyoyi, komai a bayyane yake, kuma marubucin ya riga ya san ƙarshe. A kan tebur ne na ɗanɗani yadda mutum ke ganin abin da ya kamata a yi ƙuru-ƙuru, ya faɗe shi, amma tsakanin bakinsa da ƙafafun sojoji akwai ɗan aike a kan doki, da hayaƙi, da hafsan da ya fahimci wani abu dabam. Kuma abin da nake da shi Ney ma bai samu ba: ni ina tsaye a sama ina ganin filin gaba ɗaya.

A wasa na uku ne ta juya mini. Abokina ya bar wata bataliya a shimfiɗe cikin dogon sahu, murabba'inta bai haɗu da kyau ba, mahayana masu sulke suka auka mata suka watsa ta. Irin haka ta faru a yaƙin gaske, lokacin da mahayan Janar Kellermann na Faransa suka riski runduna ta 69 ta Birtaniya ba ta gama shiri ba har ta rasa tutarta. Babu wanda ya tsara hakan a teburinmu. Ƙa'idojin ne suka haifar da shi da kansu, kuma a ganina wannan ne babban abin yabo ga littafin.

Sauran tsarin bai da wuyar kamawa. Harbin bindiga inci 18 ne, in ludo ya ba da huɗu zuwa sama ya samu, shida kuma yana rikita sahun wanda aka harba. Ba a kwashe sojoji ɗaya-ɗaya daga tebur, alama ake ajiyewa a bayan bataliya, idan ta kai iyakar juriyarta, yawanci uku, sai ta fara tangal-tangal. Na ji daɗin wannan, don rundunonin zamanin ba ƙarewa suke yi ba, zuciyarsu ce ke karyewa su gudu. A wasa na biyu na daina duba littafi a kan yawancin abubuwa. Awon tafiyar an yi shi ne da manyan tebura a zuciya, shi ya sa a kan namu muka rage kowane awo zuwa kashi biyu cikin uku, wasan ya ƙara armashi.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan tsallake shi ba. A Quatre Bras kowane ɓangare ya yi asarar sama da mutum 4,000 tsakanin matattu da masu rauni, cikin yini guda. Lokacin da na ajiye alama ta uku a bayan bataliyar da na shafe mako uku ina yi wa fenti, wadda na san fuskar mai gangarta, na yi shiru na ɗan lokaci. Ban ga wasan yana ƙawata yaƙi ba. A wurina akasin haka ya yi, ya mayar da lamba ta zama mutane.

Ga mai sha'awa, shawarata kada ya fara da saye. Ya nemi wanda ke da runduna biyu ya buga da shi sau ɗaya ko biyu, domin mutanen wannan harka suna son koyarwa, kuma awa uku a gefen tebur ta fi mako guda na karatun ƙa'idoji. Idan ya ji abin ya shige shi, ya zaɓi zamanin da yake son tarihinsa tun asali, don son tarihin ne zai riƙe shi a daren da farar ɗamara ta ƙi fentuwa. Wanda ba shi da wuri ko lokaci ya duba sojoji masu milimita 15 ko ƙasa da haka, sun fi saurin fenti kuma ƙaramin tebur ya ishe su. Ya tanadi gam na roba, 'yar almakashin yanka firam, buroshi biyu da launuka kaɗan. Wanda kuwa yake son wasan da basira kaɗai ke yanke hukunci, ba tare da sa'a ta sa baki ba, wannan zai ƙona masa rai, gara ya tsaya a ces.

Mun yi alkawari da abokina za mu sake buga Quatre Bras a ƙarshen wata, amma da ƙari ɗaya. Za mu ajiye dakarun d'Erlon a gefen tebur, kowane zagaye in jefa ludo a ga ko za su shigo. Bataliyata ta biyu tana cikinsu, saura jakunkunan baya da tuta in gama ta.