Dokar fashin teku ta 2019 ko tsohuwar dokar fashi da makami: wacce ta fi kare ƙaramin masunci?

Wani ɗan kasuwa a Gombe da ke saro busasshen kifi daga Oron a Akwa Ibom ya ba ni labarin masuncin da yake saye a hannunsa. 'Yan fashi sun tare shi kusa da gaɓa, suka kwance injin kwalekwalensa, suka bar shi yana tuƙi da hannu har gari ya waye. Injin nan bashi ne.

Idan an kama su, hanya biyu ce. Dokar fashi da makami ta 1984 tana kai shari'a babbar kotun jiha, kusa da mai ƙara, hukuncinta kuwa kisa ne. Sai dai gwamnoni ba sa son sa hannu a zartar da kisa, kuma kisan ba zai dawo wa masunci injinsa ba.

Dokar yaƙi da fashin teku da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haɗa har da fashin cikin ruwan Najeriya. Ta tanadi ɗaurin rai da rai da tarar da za ta kai naira miliyan 50, da mayar wa mai kaya dukiyarsa. Wannan mayarwar ce ta fi burge ni. Da wannan dokar aka ɗaure mutum goma shekara 12 a Legas a 2021, kan sace jirgin kamun kifi na 'yan China.

Ni dai ina tare da dokar 2019, amma babbar kotun tarayya kaɗai ke sauraron ƙarar, mai kwalekwale kuma ba shi da kuɗin mota zuwa Uyo, babban birnin jihar inda kotun take, kowane zama.