Na koma wani kamfanin waya da tsohuwar lambata

Dankalin Turawa nake sayarwa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kuma rabin cinikina ta waya nake yi. Manoman Bokkos su kira da asuba, direban Kano ya kira da yamma. Tun shigowar damina sabis ya lalace a rumfata. Sai na fita bakin titi ina ɗaga waya sama kamar mai duban wata kafin kira ya shiga. Rannan buhu arba'in suka wuce ni: manomin ya neme ni har ya gaji, ya sayar wa maƙwabcina.

Ƙanina ne ya ce, "Yaya, ai tun 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda mutum ya sauya kamfani da lambarsa." Abin da ya riƙe ni ke nan, lambar da kowa ya san ni da ita.

Na je ofishin sabon kamfanin a titin Ahmadu Bello. Ma'aikaciyar ta duba NIN ɗina, ta cike min fom, ta sa na tura PORT zuwa 3232, ta miƙo sabon sim. Ko sisi ban biya ba. Washegari da la'asar tsohon ya mutu, sabon ya kama. Abu ɗaya ya ɓata min rai: katin dubu biyu da data da ke kan tsohon duk sun tafi, kuma sai da na tura saƙon ta gaya min. Wallahi da ta faɗa da wuri, da na cinye abina.

Yanzu ina zaune kan buhu nake amsa kira, murya tangaran. Wanda ya ga 2001, lokacin da sim ke kai naira dubu ashirin, ya san amfanin gasa. A lokacin ko sallama kawai ka yi, kuɗin minti guda za a cire, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sauran suka bi.

A farashi dai ban ga sauƙi ba. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, duk inda ka juya kanwar ja ce. Kuma a gida, Unguwar Rogo, data na jan ƙafa bayan isha'i.

Kafin in sauya, sai da na ari wayoyin maƙwabta uku na gwada kira daga cikin rumfa. Kai ma ka gwada a inda kake wuni.