Kenny Rogers: wane faifai ya cancanci kuɗinka?

Duk mai son tara waƙoƙin Kenny Rogers, mawaƙin Amurka, zai tarar da kundaye birjik masu ɗauke da hotonsa, kowanne na ikirarin shi ne ya tattaro fitattun waƙoƙinsa. Abin da ya raba su shi ne kamfanin da ya mallaki sautin. Mawaƙin, wanda ya rasu a watan Maris na 2020, ya sauya kamfani sau da dama, shi ya sa samun kundi ɗaya da ya haɗa komai ke da wuya.

Waƙoƙin da ya yi da ƙungiyar First Edition, irin su Ruby, Don't Take Your Love to Town ta 1969, kamfanin Reprise ne ya fitar da su. Lucille ta 1977, The Gambler ta 1978 da Coward of the County ta 1979 na United Artists ne, kamfanin da daga baya ya koma amfani da sunan Liberty. A 1983 ya koma RCA, inda ya yi Islands in the Stream da Dolly Parton. Idan ka riƙe wannan jerin, kallo ɗaya za ka yi wa bayan kwali ka san abin da babu a ciki.

Kundin Greatest Hits na 1980 shi ne ya fi yaɗuwa, an sayar da fiye da miliyan 10 a Amurka kaɗai. Waƙoƙi 12 ne a cikinsa, har da Lady, wadda Lionel Richie ya rubuta masa, ta kuma yi mako shida tana kan gaba a jadawalin mujallar Billboard ta Amurka na dukkan nau'o'in kiɗa. Ga wanda ya saba jin muryar Rogers a rediyo da kaset-kaset na motocin haya a shekarun 1980, wannan kundin ne zai fi kama da abin da kunnensa ya sani. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: babu waƙarsa da Dolly Parton, domin sai bayan shekara uku aka yi ta. Kundin 20 Greatest Hits na 1983 ya ƙara We've Got Tonight da ya yi da Sheena Easton, amma shi ma na Liberty ne, don haka wannan giɓin yana nan.

Mai son faifai ɗaya tak ya nemi 21 Number Ones na 2006. Ya haɗo zamanin Liberty da na RCA, har ya kai ga Buy Me a Rose ta ƙarshen shekarun 1990. Sai dai an zaɓi waƙoƙin ne bisa waɗanda suka zo na ɗaya, saboda haka kada ka sa ran samun tarihin First Edition a nan.

Inda masu saye suka fi faɗawa rami shi ne waƙoƙin da aka sake rerawa. A Ten Years of Gold, Rogers ya koma situdiyo ya sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙin First Edition. Ba su da laifi, amma ba su ne na asali ba: muryar ta ƙara kauri, kiɗan ya yi laushi. Hanyar ganewa ita ce duba shekarar da ke kusa da alamar ℗ a bayan kwali ko a ƙasan kundi a Spotify da Boomplay. Idan waƙar 1969 tana ɗauke da wata shekara ta can gaba, kuma ba a ambaci First Edition ba, to a yi hattara.

Batun talabijin kuwa, fim ɗin The Gambler da tashar CBS ta nuna a 1980, inda ya fito a matsayin ɗan caca Brady Hawkes, ya haifi wasu huɗu: 1983, 1987, 1991 da 1994. Na farkon ya fi tsari, kuma shi kaɗai ya isa ga mafi yawan mutane. Na 1991 yana da Reba McEntire. Kafin ka biya kuɗin DVD daga waje, duba lambar shiyya. Na Amurka shiyya ta 1 ne a tsarin hoton talabijin na NTSC, Najeriya kuwa shiyya ta 5 ce mai amfani da tsarin PAL, sai na'urar shiyya ta 1 ko wadda ke karɓar kowace shiyya ce za ta buɗe shi. An ɗauki finafinan don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i, don haka baƙin fili a gefe biyu na allo ba lalacewa ba ne. Wanda hotonsa ya cika faffaɗan allo, an ja shi ne ko an datse shi.

Idan faifan garmaho ka samu na hannu, ɗora shi a tafin hannu ka daidaita shi da ido. Zafin rana yana lanƙwasa shi, kuma lanƙwasasshe yana sa allura tsalle. Karcen da farce ke iya ji zai fito a lasifika. Tsohon kaset kuma, leƙa ƙaramin auduga da ke ƙarƙashin zare, in ya faɗi sautin zai dishe. A wurin masu tura waƙoƙi a katin memori, duba nauyin fayil kafin ka tafi: waƙar minti uku da rabi mai inganci tana kai megabayit 8, wadda aka matse kuwa ba ta wuce 3 da ɗoriya.