Mako Biyar a Badagry: Gidan da Aka Ce Mini Yana Bakin Teku

Tallan da na gani a Facebook cewa ya yi gidan yana bakin teku. Da muka isa Badagry da la'asar sakaliya, muka sauke kaya, na buɗe tagar falo ina jiran in ga igiyar ruwa tana dukan yashi. Sai ga wani ruwa kwance, shiru kamar an zuba shi a faranti, da kwale-kwale biyu suna ratsa shi. Na tambayi ejan da ya kawo mana makulli ina tekun take. Ya miƙa hannu can ƙetare, wajen wani dogon layin bishiyoyin kwakwa, ya ce tana bayansu.

Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Garin Badagry ba ya kallon Tekun Atilantika ido da ido. Tsakaninsu akwai wannan ruwan kwance da ya biyo gaɓa tun daga Legas har ƙasar Benin, sannan akwai siririn tsibirin yashi da ake kira Gberefu. Mai son ganin teku ta gaske sai ya hau kwale-kwale ya haye, ya taka sayyada ya ratsa tsibirin, ko kuma ya bi hanyar Seme, garin iyakar Najeriya da Benin, da mota zuwa bakin tekun Suntan. Duk wanda zai kama gida a garin nan ya tambaya tun kafin ya tura kuɗi: wane ruwa ake gani daga taga? Ni ban tambaya ba.

Abin da ya kai ni kuwa hawan jini ne. Na haura shekara ashirin ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma wanda ya san wurin ya san ba a barci idan mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato. Likita ya ce in ajiye komai na wata guda. Yara suka ce in tafi gida Arewa, na ce wanda ya je gida hutu bai huta ba: yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi sulhun gona. Ina son wurin da yaran kasuwa ba za su faɗo mini da rana tsaka ba, amma idan wani abu ya taso in iya dawowa a yini ɗaya. Muka bari hayaniyar Disamba ta lafa, farashi ya sauko, muka tafi ni da Hajiya a tsakiyar Janairu.

Hanyar dai kowa ya san ta: Mile 2, Alaba Rago, Okokomaiko, Agbara. Daga nan sai shingayen bincike, tunda hanyar iyaka ce. A fita da sassafe, shi ke nan.

Gidan ɗaki biyu ne da falo da kicin, a hawa na ɗaya, irin waɗanda ake bayarwa haya da kayansu na kwanaki ko makonni. Da na ce wata guda da 'yan kwanaki nake so, kuɗin kwana ya sauko sosai, don haka kada wanda zai daɗe ya yarda da farashin da aka rubuta a talla. An kuma karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda zan dawo kansa.

Abin yabo na farko iska ce. Daga azahar take tasowa daga wajen teku, ta shigo ta falo ta fice ta kicin, har dare ya raba. Na'urar sanyaya ɗaki tana nan, amma kwana uku kacal muka kunna ta. Katifa mai kyau ce, ba irin wadda mutum zai tashi yana dafe da ƙugu ba. Akwai gas, akwai firji, tagogi duk da raga. Mai gadin, wani dattijo mutumin garin, ya fi ejan amfani nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mana mai kifi, mai ruwa, da mai kwale-kwalen da ba ya cika jirgi fiye da ƙima.

Wuta kuwa sai haƙuri. An rubuta cewa akwai ta dare da rana, amma abin da ake nufi shi ne sola da batura, waɗanda ke ɗaukar fanka da fitila da talabijin kawai. Idan wutar gari ta ɗauke, firji ya tafi hutu shi ma. Janareta na nan, man kuma daga aljihunka. Sau biyu kifin Hajiya ya lalace kafin mu gane cewa a garin nan ba a ajiye kifi, kullum ake saye. Ruwan burtsatsen gidan yana da ɗan ja-ja da ƙarnin ƙarfe. Farar shaddata guda ta koma ruwan ƙasa tun wankin farko. Na sha da na girki saye muke yi. An yi alkawarin mai shara sau biyu a mako, sau ɗaya take zuwa. Intanet ɗin gidan ya ƙare a kwana na tara, ba a sake sawa ba duk da kiran da na yi ta yi, ko da yake daga baya na daina kiran don na ga alherin hakan.

Sai gishiri. Ba wanda ya gaya mini iskar nan mai daɗi gishiri take ɗauke da shi. Kwaɗon ƙofa, zif ɗin jaka, wuƙar Hajiya, har ƙusoshin gilashina, duk suka fara tsatsa cikin mako biyu. Gilashin mota kullum da safe sai ka ga ya yi danƙo. Shanya takan yini ba ta bushe ƙarau ba, ko da yake rani ne. Hunturun da muka sani a Arewa a nan ɗan hazo ne kawai da sassafe.

Musulmi da zai sauka a irin gidan nan ya zo da shirinsa. Babu buta, babu darduma. Tukwanen kicin Hajiya ta duba su ta ce, "Alhaji, ba mu san abin da aka dafa a cikinsu ba." Washegari ta sayo nata guda biyu a kasuwa. Alƙibla tana arewa maso gabas, wato kusan ka juya wa ruwan baya. Lokutan salla kuma suna bayan na Kano da kusan minti ashirin, tunda nan ne ƙurewar yammacin Najeriya.

Makon farko ban ji daɗinsa ba, kuma ba laifin gida ba ne. Ƙarfe uku na dare idona yake buɗewa, lokacin da motoci ke shigowa kasuwa. In ɗauki waya in kira yarona in tambayi buhu nawa aka sauke. Ran nan Hajiya ta ce, "Alhaji, in albasa ka zo sayarwa, mu koma Ketu mana, kuɗin haya ya huta." Ta karɓe wayar, sai bayan isha'i take ba ni.

Daga nan ne kwanakin suka sami tsari, kuma tsarin nan shi ne abin da na biya kuɗi na saya, ba bangon gidan ba. In na fito masallaci da asuba sai in zauna wajen wani mai shayi, Bazabarme daga wajen Dosso, wanda Hausarsa ta fi ta 'ya'yana da aka haifa a Agege. Nan ake haɗuwa: 'yan canjin sefa, masu goro, masu tura ruwa, direbobin da ke jigila zuwa Kwatano. Hirarsu ɗaya ce, iyaka. Har yanzu suna ba da labarin rufe ta da aka yi a Agustan 2019, da yadda garin ya yi tsit sai da aka buɗe a Disambar 2020. Ba wanda ya san ni a matsayin dillali, ba wanda ya zo da maganar bashi. Kofi ɗaya nakan yi awa guda a kansa.

Da hantsi mu tafi kasuwar Agbalata. Mutanen garin Egun ne, sarkinsu Akran ake ce masa, kuma yarensu daban yake da Yarabanci, ya fi kusa da na mutanen Porto-Novo, amma da Yarabanci da Turancin buroka ana ciniki lafiya. Kifi ɗanye da banda, jatan lande, ƙaguwa, garin kwaki, da kwakwa kamar a ba ka kyauta. Na duba albasarsu, ba yadda na iya: tamu ce, ta biyo ta hannu uku, ta yi tsada. Na yi shiru na saya. Hajiya ta koyi tatsar man kwakwa wajen wata maƙwabciya, ita kuma ta koya mata dambun kifi. Fura mai kyau dai ba mu samu ba har muka baro garin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai jan taru ne. Sau uku ko huɗu a mako nakan haye zuwa bakin teku da safe. Masunta sukan kai tarun can ciki da jirgi su zagayo da shi, su bar bakin igiya biyu a tudu. Sai mutane su yi layi biyu, nesa da juna, su kama ja. Ba a gaggawa. Mutum ya jingina da baya, ya dasa dunduniya a yashi, a ja taki ɗaya, a jira igiyar ruwa ta taimaka, a sake ja. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba. Ɗaya yana ba da waƙa, saura suna amsawa, layukan biyu suna matsowa kusa da juna a hankali. Aikin yakan ci awa biyu ko fiye, mata kuma na zaune da robobinsu suna jira, ba mai cewa a yi sauri. A rana ta uku wani ya yafito ni, na naɗe wando na kama. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana ya amsa, amma da tarun ya fito aka jefo mini kifi huɗu a matsayin ladana. Na kawo su gida a leda ina taƙama, Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Daren nan ban san lokacin da ƙarfe uku ta wuce ba.

Wanka a tekun kuwa, a'a. Ruwan yana da ja ta ƙasa, kuma masuntan da kansu suka gargaɗe ni kada in wuce gwiwa. Mai yara ya riƙe su da kyau. Haka nan kwale-kwale: a sa rigar kariya ko da mai jirgin ya ce ba komai, kuma a dawo kafin magariba.

Wannan hanyar da nake bi ta cikin Gberefu ita ce wadda aka riƙa kora bayi a kai zuwa jiragen Turawa. Akwai wata rijiya a gefen hanyar da masu jagora ke cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida. A cikin gari mun shiga gidan bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan tarihi da ke tsohon ofishin Di'o na 1863. Amma wanda ya hana ni sakat shi ne kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, mai ɗakuna arba'in ƙanana. Shi kansa an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama dillalin bayi, Musulmi ne, ya rasu a 1919. "Seriki" ɗin nan kuwa sarkinmu ne na Hausa ya shiga bakin Yarabawa. Cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan zuwa Birazil akwai Hausawa, har suna cikin bayi Musulmi da suka yi tawaye a Bahia a 1835. Hajiya ta leƙa ɗaki ɗaya ta fito, ba ta ƙara shiga wani ba. Kwana biyu ban je jan taru ba bayan nan.

Wani ƙaramin abu: in ka matsa wajen Seme, waya takan kama layin Benin ba tare da ka sani ba, ta cinye maka kati. A kashe yawon layi, wato roaming.

To, zan ba wani shawarar ya kama gidan? Mai zuwa kwana biyu da iyali don hoto a bakin teku zai ji an cuce shi, gara ya nufi wajen Lekki ko Tarkwa Bay. Mai aiki da kwamfuta da ke bukatar wuta da intanet ba yankewa, shi ma ya nemi wani wuri. Amma wanda zai yi mako uku zuwa sama, yana da mai dafa masa ko ya iya da kansa, kuma ba ya jin ƙyashin sayen ruwa da man janareta, gidan ya isa. A ma'aunina, uku da rabi cikin biyar: iska da katifa da mai gadi suka ɗaga shi, wuta da ruwa da bakin eja suka ja shi ƙasa. Jinina ya sauka, ko da yake ban daina shan magani ba, kuma likita ya ce kada in kuskura.

Kuɗin ajiyar sai da na yi mako uku ina bi kafin a dawo da shi, an kuma cire kuɗin kwaɗon ƙofa wai mun bar shi ya yi tsatsa. Wanda zai shiga ya ɗauki hoton komai ranar farko, har kwaɗon. Na riga na yi magana da mai gadin a kan wani gida da ke bayan masallaci, wanda mai shi ke zaune a ƙasa ba eja a tsakani. Hajiya ta ce in za mu koma, da tukwanenta za ta tafi, da gero kwano biyar.