Kamus ɗin Oxford Learner's a waya, na gwada shi da kalmar consult

Masu tambaya wane kamus ɗin turanci za su riƙa amfani da shi a waya, ni dai shafin Oxford Learner's Dictionaries nake ba kowa shawara, kyauta ne in dai kana da data, ba sai ka yi rijista ba kafin ka duba kalma. Amma fa ba kowa zai yi wa amfani ba, zan zo kan wannan. Bari in gwada muku shi da kalma ɗaya wadda kowa ke gani kullum amma ba kowa ya iya sa ta a jimla ba, wato consult.

Kalmar nan tana jikin takardar kusan duk maganin da za ka saya a kemis, consult your doctor, kuma tana bakin ƴan siyasarmu duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ka tambayi mutum ko zai fito takara ya ce maka ai har yanzu yana consulting, wato yana tuntuɓar masu ruwa da tsaki, alhali fastocinsa sun riga sun cika gari. In ka jefa ta a irin manhajojin fassarar nan za su ba ka "tuntuɓa" ko "nemi shawara" shikenan su bar ka a nan. Ma'anar ba laifi, to amma in za ka rubuta wa shugabanka wasiƙa a ofis me zai biyo bayanta, kalmar to ce ko with ko about? A nan ne ake yin ɓarin.

Shi Oxford ɗin da ka rubuta kalmar abin da za ka fara gani alamar lasifika ce guda biyu, shuɗiya ta lafazin Ingila, ja ta Amurka. Danna ka ji, nauyin kalmar a gaɓa ta biyu yake, kan-SALT, ba KON-sult ba yadda da yawanmu muke faɗa. Daga nan sai ya rarraba maka ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, kowacce da tsarin jimlarta an rubuta da baƙi mai kauri, kuma wallahi wannan tsarin shi ne duk amfanin shafin.

Ta farko, ka je wajen wanda ya fi ka sanin abu ka nemi shawararsa, likita ko lauya ko malami. A nan kai tsaye ake cewa consult a lawyer, babu to a tsakani, in za ka ambaci matsalar sai ka kawo about, misali I consulted a lawyer about the land. Ta biyu kuma ba neman shawarar gwani ba ce, zama ne a yi shawara da mutane kafin a yanke hukunci, irin a ce an sayar da gidan gado ba a tuntuɓi ƙannen ba, sai su ce nobody consulted us, kuma ka san wannan jimlar ƙorafi ce zalla. Ita wannan ta biyun ce ta fi tafiya da with, consult with my brothers, Amurkawa sun fi yawan sa with ɗin. Sai ta uku wadda ba mutum ake tambaya ba sam, littafi ne ko taswira ko kamus, consult a map, ka duba kenan. Wannan ta ukun ba za ka taɓa samo ta daga "nemi shawara" ba, waye zai nemi shawarar taswira.

Wani abu da na ga ɗalibai na yawan cakuɗawa shi ne consult da advise. Mai nema shi ke consult, mai bayarwa shi ke advise, mara lafiya ya yi consult ɗin likita, likita ya yi advise ɗin mara lafiya. In ka buɗe shafukan biyu ka karanta misalan a jere za ka gane da kanka ba sai an yi maka dogon bayani ba. Kuma a nan za ka ga advice mai c suna ne, ba a jam'insa, duk mai rubuta advices a jarrabawar WAEC maki yake zubarwa.

A ƙasa ko a gefe akwai ƴan uwan kalmar, consultation, consultancy, consultant. Wannan ta ƙarshen duk wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa ya san ta, babban likitan nan da ake jira ya zo zagaye ƙananan likitoci na biye da shi, tsarin Ingila muka gada shi ya sa ma'anar ta zo daidai da tamu. Akwai ma ɗan wurin asalin kalma, ita wannan daga Faransanci ta shigo turanci, can tushenta kuma Latin, ba dole ba ne amma yana da daɗin sani.

Ba mamaki ya ƙware a wannan fannin, don tun asali saboda baƙin harshe aka yi shi. A. S. Hornby, wanda ya koyar da turanci a Japan, shi ya lura ɗalibansa sun san ma'ana amma ba su iya harhaɗa jimla ba, sai ya haɗa kamus saboda irinsu, Oxford ta buga kamus ɗin a 1948, bugu na goma ya fito a 2020. Shi ne dai wannan ƙaton littafin da ake sa mu saya a sakandare, yanzu ya dawo cikin waya.

To ga inda ya gaza. Babu Hausa a ciki ko kalma ɗaya, turanci ne ake bayaninsa da turanci, duk da sun sauƙaƙa kalmomin bayanin sosai, wanda bai kai matakin karanta gajeriyar jimla ba zai sha wuya, gara ya haɗa da kamus na Turanci da Hausa irin na Neil Skinner ko na Roxana Newman na 1990 in zai samu. Misalan ma rayuwar Ingila ce, za ka ci karo da GP da solicitor ka koma neman ma'anarsu su ma. Shafin kyautan yana da talla, kuma sai da intanet, in kana garin da netwok ke wasa to sai haƙuri. Manhajar da ake saukewa ita ke aiki ba data amma cikakkenta na kuɗi ne.

Ɗan SS2 zuwa sama, mai shirin JAMB ko IELTS, wato jarrabawar turanci ta masu son fita waje, ma'aikacin da ke rubuta memo, duk zai yi muku. Shawarata kawai in kun buɗe kalma kar ku tsaya a layin farko, ku gangara har wajen misalan, in da hali ku kwafe tsarin jimlar a littafi ku sa sunan ƙauyenku da matsalar gidanku a ciki, ya fi saurin zama a ka.