Yawon Newgrange: kabarin ya ci kuɗinsa, jagoran motar ne bai ci ba

Asabar ɗin da ta wuce ni da uwargida muka bi ɗaya daga cikin motocin nan masu kwasar 'yan yawon buɗe ido daga tsakiyar Dublin, babban birnin Ireland, zuwa kwarin kogin Boyne, inda tsohon kabarin Newgrange yake. Kuɗin ya ɗan ciji aljihu. Ban ma so zuwa ba da farko, don a ganina tudun ƙasa ne da ciyawa a kai, me za a kalla?

To, na janye maganata. Hanyar shiga kabarin Newgrange lungu ne mai tsawon mita 19, matsattse, ni mai ɗan tumbi sai da na karkace kafin na wuce wasu duwatsun. Da muka taru a ɗakin ciki, ma'aikaciyar wurin ta ce kowa ya tsaya inda yake, ta kashe fitilu. Duhun da ko tafin hannunka ba ka gani. Can sai wani siririn haske ya fara rarrafowa ta ƙasa daga bakin ƙofa har ya iso ƙafafunmu. Fitila ce suke kwaikwayon rana da ita, amma a wajen 21 ga Disamba ranar ce da kanta take shigowa ta wata kafa a saman ƙofar, ta haska ɗakin na kimanin minti 17. Mutanen da suka auna wannan sun yi ginin ne wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, tun ba a gina dalar Giza a Masar ba, kuma ba su da ko guntun ƙarfe. Uwargida ta damƙe hannuna ta ce, "Maigida, ikon Allah!" Na ɗaga kai na kalli rufin, duwatsu ne aka jera wani kan wani ba siminti, kuma har yau ba ya yoyo, a ƙasar da ruwan sama ba ya hutawa. Gidan da muke haya kuwa bangonsa kullum a jiƙe.

Abin da ya ƙara min ganin girman matar nan, da na tambaye ta ma'anar zanen murɗe-murɗen da ke jikin dutsen bakin ƙofa, ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce masu ginin ba su bar rubutu ba, duk wanda ya fassara shi hasashe yake yi. Har farin bangon gaban kabarin ma ta ce sake gina shi aka yi bisa fahimtar Michael O'Kelly, masanin kayan tarihin da ya haƙa wurin daga 1962 zuwa 1975, kuma a Knowth, wani kabari irinsa da ke kusa, an bar irin fararen duwatsun a ƙasa don wasu masana ba su yarda bango ba ne.

Da a nan aka tsaya da tauraro biyar zan ba su. Amma ina tuna jagoran kamfanin raina yake sake ɓaci. Tun a hanya yake cika mana kunne cewa bokayen Keltawa, wata tsohuwar al'umma ta Turai, su ne suka gina wurin, alhali su sun zo ne bayan shekaru dubbai. Wato da ban shiga ciki ba, da ƙaryar nan zan kawo gida in ba yara.

Sai kuma Monasterboice, tsohuwar zawiyar Kiristoci da Buithe ya kafa, wanda ya rasu wajen 521. Akwai gicciyen Muiredach na ƙarni na 10, mita biyar da rabi, an sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki a jikinsa tun daga Adamu da Hauwa'u, ga doguwar hasumiya da ta tuna min da Gobarau ta Katsina. Minti 20 kacal ya ba mu. Ina tsaye ina ƙoƙarin gane Habila da Ƙabila a gindin gicciyen ya fara danna hon. Shagon sayar da rigunan sanyi kuwa, awa guda cur muka yi a ciki, shi yana can yana shan shayi da mai shagon. Azahar ma a gefen mota na yi ta cikin sauri.

Tauraro uku, kuma biyu daga ciki na matar nan ne. In zan koma, da motar haya zan je in sayi tikitin shiga da kaina.