Nutso da Tukunyar Iska ko da Numfashi Ɗaya

Basakkwacen da ya koyi iyo a kogin Rima, idan karatu ya kai shi Masar har ya leƙa gaɓar Dahab mai duwatsu a Bahar Maliya, zai tarar ana nutso iri biyu.

Mai goya tukunyar iska, wadda asalinta na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera ce a 1943, yakan jima a ƙasa yana duba kifayen da suka laɓe a ramukan murjani, kuma shaidar horon farko tana ba shi izinin zurfin mita 18. Sai dai kayan suna da nauyi da tsada, ba ya riƙe numfashi ko kusa, sannan dole ya hauro sannu a hankali, domin gaggawa tana sa iskar naitirojin ta yi kumfa a jininsa.

Mai numfashi ɗaya kuwa, tabarau da takalman iyo sun ishe shi, amma minti ɗaya ko biyu yake samu, kuma yana iya suma dab da fitowa, shi ya sa ba ya shiga sai da mai sa masa ido. A ganina, baƙon teku gara ya fara da tukunya a hannun malami.